Ranar da Isiyaku Ya Saki Jakarsa

Duk wanda ya yi aiki a rumbunan kaya na Sulay, can kudancin Riyad, ya san Isiyaku na tallaja. Tallaja ita ce katon ɗakin sanyi inda ake jibge katan-katan na daskararrun kaji da kifi, a cikinta kuma Isiyaku ya kwashe shekaru yana dako. Mutumin Gumel ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, ya ba arba'in baya, furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Da iƙamar lebura, wato takardar izinin zama, ya zo Saudiyya. Matarsa Hansai da 'ya'yansu suna gida, hutun shekara kaɗai ke kai shi wajensu.

Aikin nasa ba shi da wata rikitarwa. Babbar mota za ta tsaya a bakin ƙofa, a buɗe bayanta. Isiyaku ya zura rigar sanyi da safar hannu, ya ɗora katan biyu a kafaɗa, ya kutsa cikin hayaƙin ƙanƙara, ya fito cikin zafin Riyad mai dukan fuska kamar an buɗe tanda, ya sake komawa. Sauri shi ne adonsa. Kafin abokan aikinsa su yi sahu ɗaya ya yi biyu, yana tafe yana cewa, "Yalla, yalla, mota ba ta zo kwana ba!"

Mutum ne mai sauƙin kai, amma akwai abu ɗaya da ba a yi masa: ba a taɓa katan ɗin da ke kafaɗarsa. A Sulay wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan saurayi ya zo ya ce wa babba, "Baba, kawo in taya ka," ya karɓe masa kaya a gaban mudir, wato shugaban rumbu, to ya gama da shi. Mudir ba zai ce komai ba a ranar. Zai dai lura, ya ajiye a ransa cewa wane ya fara gajiyawa, ranar sabunta kwantiragi kuma sai a ji labari. Wani sabon lebura ya taɓa gwada wa Isiyaku wannan kirkin, bai san dawan garin ba. Kallon da Isiyaku ya yi masa ya sa har yau in sun haɗu a ƙofa yake matsawa gefe.

Juma'a ce ranar hutunsu. Bayan an sauko daga masallaci shi da Bashari, abokin ɗakinsa direban motar kaji, sukan shiga kasuwar Batha, su aika da saƙo gida, su zauna a wani ɗan shago da ake sayar da tuwo da miyar kuka. A nan suka haɗu da Alhaji Khalil, ma'aikaci a ofishin jakadancin Najeriya, wanda kwaɗayin tuwo kan fito da shi daga unguwar manya. Alhaji Khalil yana cikin wata ƙungiya ta masu yawon duwatsu, Larabawa da baƙi, masu fita bayan gari da sassafe su hau tsaunin Tuwaiƙ. Ya ce suna neman wanda zai taimaka musu da ɗaukar ruwa. Bashari ya ce shi Juma'arsa ta barci ce. Isiyaku ya ce zai je ya gani.

Ganin da ya yi ke nan. Mutumin da ya tashi a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, wanda bai taɓa hawa abin da ya fi soron gidan kakansa tsawo ba, sai ga shi tsaye a bakin wani gagarumin gangare, hamada ta baje a ƙarƙashinsa har iyakar gani, raƙuma can ƙasa kamar ƙudaje. Ya sauke jarkar ruwan, ya riƙe ƙugu, ya yi ta dariya shi kaɗai. Tun daga ranar, in dai lokacin sanyi ne, ba Juma'ar da ke wuce shi. Shi ne a gaba da ruwan kowa a baya, su masu takalman tsada suna haki a bayansa.

Wata rana, suna shan shayi a gindin dutse, Alhaji Khalil ya miƙa masa waya.

"Malam Isiyaku, ka san wannan?"

Isiyaku ya duba. Wani dutse ne ya tsaya shi kaɗai, kansa fari fat, gizagizai sun yi masa ɗamara.

"Yallaɓai, wannan ai ƙasar Turawa ce."

"Afirka ce. Tanzaniya. Kilimanjaro ke nan, duk nahiyarmu ba wanda ya kai shi tsawo. Kwanaki ake yi ana hawa, ana kwana a tanti. Za mu je bayan babbar salla, kuma ƙungiya ta ce ba ta tafiya ba kai. Nauyin tafiyar a kanmu yake. Kai dai ka samo ijaza."

Isiyaku ya kasa shanye shayinsa. Ijaza kuwa ita ce hutun shekara, ita ce kwanakin Hansai da yara. Dutsen zai cinye rabinsu. Ya yi ta juya maganar har suka dawo Sulay, sannan ya samu inuwar wata mota ya kira gida.

Hansai ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Baban Nazira, in gane. Shekara guda muna ƙirga watanni, kai kuma dutse za ka je gaisarwa?"

"Ba gaisuwa ba ce, Hansai. Hawa."

"Akwai kasuwa a samansa?"

"Babu."

"Masallaci?"

"Ƙanƙara ce kawai."

"Ƙanƙarar da kake kwana kana tashi a cikinta?" Yana jin kukan akuya ta bayanta. Can ta ce, "Tunda na aure ka ban taɓa jin ka roƙi wani abu don kanka ba. Je ka. Amma ka ji ni da kyau: in za ka cinye rabin hutun yaran nan, to ka cinye shi a can ƙololuwa. Kada ka dawo min da labarin ka tsaya a tsakiya."

Ya ce ya yi alkawari.

Daga nan shiri ya tashi, Sulay kuwa ta samu abin kallo. Isiyaku ya yi lissafinsa tsaf: dutse abu biyu ne, sanyi da nauyi, kuma duka biyun sana'arsa ce. Lokacin cin abincin rana, maimakon ya fito waje, sai ya zauna a kan katan cikin tallaja ya ci shinkafarsa a can, ba hula. Da yamma ya cika jakar baya da gorunan ruwa ya yi ta hawa da sauka a matakalar gidan kwanan ma'aikata, 'yan Bangaladash da 'yan Sudan suna leƙe ta taga suna yi masa tafi.

Bashari ya ce, "Mutumina, in ka daskare a tallajar nan, wallahi mudir tambari zai buga maka a goshi ya haɗa ka da kajin Barazil."

"Kai dai riƙe sitiyarinka. Ranar da za ka gan ni a saman Afirka za ka yi bayani."

"Ni saman katifata ya ishe ni."

Amma Bashari ne ya zaga Batha da shi, shago bayan shago, har suka samo takalmi mai kauri da jar hular ulu. Shi ne kuma ya raka shi wajen mudir neman izinin fita da dawowa, ya tsaya yana rantsuwa da Larabcinsa na direbobi cewa Isiyaku zai dawo. Mudir ya dubi hoton dutsen, ya dubi Isiyaku, ya ce, "Majnun," wato mahaukaci, ya sa hannu yana murmushi.

Ranar da suka isa ƙofar dajin da ake fara hawa, Isiyaku ji ya yi kamar ya yi tsalle. Ko'ina kore shar, ƙasa jiƙe, iska mai ƙamshin ganye. Ga 'yan dako birjik, ana auna jakunkuna a sikeli, kowa na ɗaura nasa. Jagoran tafiyar, wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Tarimo, ya yi bayani da Turanci, Alhaji Khalil yana fassara wa Isiyaku. Kowane baƙo ƙaramar jaka zai riƙe, ta ruwa da rigar ruwa. Babbar jaka ta ɗan dako ce. Sannan ya nuna wa kowa nasa.

Na Isiyaku wani dattijo ne siriri, mai hular saƙa da tabon salla a goshi, sunansa Rajabu. Ya girme wa Isiyaku nesa ba kusa ba. Ya yi sallama, ya miƙa hannu zai ɗauki jakar.

Isiyaku ya riƙe ta gam. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Shi, ɗan dakon Sulay, ya tafi yana kaɗa hannu, sa'an wansa na biye da kayansa a ka?

"La, la, Baba," ya ce. "Yallaɓai, gaya masa ya huta. Ni ma aikina ke nan."

Alhaji Khalil ya ce, "Malam Isiyaku, tsarinsu ne fa."

"Tsarin masu ofis ne. Wannan jakar ko katan ɗaya ba ta kai ba."

Tarimo ya yi magana, ya sake yi, Isiyaku ya riga ya saɓa jakar ya kama hanya. Tarimo ya ɗaga kafaɗa, ya ce da Rajabu wani abu a harshensu. Dattijon ya tsaya hannu sake.

Kai, Isiyaku ya sha daɗin dajin nan! Itatuwa dogaye masu gemun gansakuka, birai baƙaƙe masu farar jela suna tsalle a sama, ruwa na gudu a ƙarƙashin duwatsu ba mai tare shi da bokiti. Duk wanda ya wuce sai ya ce masa "pole pole", wato sannu-sannu, shi kuwa ya amsa da "yalla yalla" yana dariya. Shi ya fara isa masauki, har ya taya kafa tantuna. Washegari daji ya ƙare, suka shiga fili mai gajerun itatuwa, ya waiga ya ga gizagizai a ƙarƙashin ƙafarsa kamar an baza auduga. Ya ɗaga hannu sama ya yi kabbara. Can gaba kuma ga farin kan dutsen, kusa kamar ya miƙa hannu ya taɓa.

Abin da bai shiga lissafinsa ba shi ne iska. Ba wanda ke iya gwada ta a tallaja. Da suka ƙara yin sama ta fara yi masa ƙaranci, ya ja numfashi ya ji kamar bai ja ba. Kai ya fara sara. Ya ce yunwa ce, aka kawo abinci ya kasa ci. Da suka kai wani fili na baƙaƙen duwatsu inda ko ciyawa ba ta fitowa, ƙafafun da suka yi shekaru suna gudu da katan biyu suka fara harɗewa. A ranar shi ne na ƙarshen isa masauki, da la'asar, ya sauke jakar ya zaga bayan dutse ya yi amai.

Tarimo ya zo ya tsuguna a gabansa, ya maƙala masa wani ɗan abin awo a yatsa, ya duba, ya girgiza kai. Ya yi magana a taƙaice. Alhaji Khalil ya daɗe bai fassara ba.

"Yallaɓai, faɗa mini."

"Ya ce ciwon tsawo ne. Sauri da nauyi suka jawo maka. Zai sake duba ka da safe. In bai ga sauƙi ba, ko kuma ka sake saɓa jakar nan, ƙasa za a yi da kai. Ya ce shi bai taɓa barin gawa a dutse ba, ba kuma zai fara da kai ba."

Isiyaku ya ji muryar Hansai tar a kunnensa. Tsakiya. Ga shi kuwa a tsakiyar, daidai inda ta ce kada ya tsaya. Ya tuna Nazira da ƙannenta da aka ce musu Baba zai makara saboda zai hau dutsen da ya fi kowanne. Ya tuna Bashari. Duk da haka, da ya dubi jakar, sai ya ji har yanzu ba zai iya miƙa ta ga tsohon nan ba.

Ya zauna a bakin tanti, an ba shi ruwan zafi da citta yana kurɓa. Can gefe 'yan dako sun kewaye murhu suna hira. Idonsa ya faɗa kan Rajabu. Tun da aka fara tafiya, ashe, abin da aka ba dattijon ya ɗauka shi ne kujerun roba guda biyu da butar shayi. Wani saurayi a cikinsu ya tashi, ya ɗauki butar da hannu biyu, ya yi kamar nauyinta zai kayar da shi, yana tafiyar tsofaffi, yana riƙe baya. Sauran suka fashe da dariya. Rajabu ma ya yi murmushi, irin murmushin da ba ya kai wa ido. Tarimo yana tsaye nesa kaɗan, bai yi dariya ba. Kallon dattijon kawai yake yi.

Ban da "pole pole", Isiyaku bai san ko kalma ɗaya ta harshensu ba, amma wannan kallon ya san shi. Kallon mudir ne.

Ya ajiye kofin. "Yallaɓai! Don Allah tambayar mini jagoran nan. Baba Rajabu, da wannan tafiyar ta ƙare, za a sake ɗaukarsa?"

Alhaji Khalil ya je ya dawo. "Ya ce bai sani ba tukuna. Dama ana cewa ya tsufa. Wannan tafiyar ce zai gwada shi da ita, sai ga shi baƙonsa ya dube shi sau ɗaya ya hana shi jaka."

"Innalillahi," in ji Isiyaku. "Ni na yi masa haka? Ni?"

Ya miƙe, jiri na ɗibarsa, ya jawo jakar a ƙasa har gaban murhu. Duk suka juyo suna kallonsa. Ya ɗaga ta da hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ajiye a gaban Rajabu.

"Baba, samahni. Ka yafe ni. Kayanka ne."

Dattijon ya dube shi, ya dubi jakar. Ya kama ta da hannu ɗaya, ya jinjina, ya wurga ta bisa kai kamar matashin kai, ya zaga murhun da ita ba tare da ya riƙe ba, ya tsaya a gaban saurayin nan mai wasan buta ya ce masa wani abu. Dariyar da ta tashi a wannan karon ta fi ta farko, saurayin ya rufe fuska da hula.

Da safe Tarimo ya sake maƙala abin awonsa. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce za a gwada, bisa sharaɗi ɗaya: Isiyaku zai bi bayan Rajabu, ba zai wuce shi ko da taku ɗaya ba.

Wannan ita ce tafiya mafi wuya da Isiyaku ya taɓa yi, ba don ciwo ba, don jinkiri. Dattijon yana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron taka ƙwai, ya ajiye, ya numfasa, ya ɗaga ɗayar. Duk lokacin da Isiyaku ya matso zai wuce, sai Rajabu ya miƙo sanda ta gefe ya tare shi, ko waigowa ba ya yi. In an jima ya nuna masa gorar ruwa. In lokacin salla ya yi su yi tare a kan dutse, Rajabu na gaba. Sannu a hankali saran kan ya ragu. Abinci ya fara shiga. Ya ma samu sararin ganin wasu itatuwa masu kama da mutane sanye da rawani, waɗanda da saurinsa na da ko lura ba zai yi da su ba.

Ranar hawan ƙarshe Rajabu ya nemi a bar shi ya raka baƙonsa har sama, Tarimo ya yarda. Da tsakar dare suka tashi, dattijon ya karɓe har ƙaramar jakar. Sanyin wurin kuwa, Isiyaku ya ce tallaja wasan yara ce. Gemunsa ya daskare, ruwan gora ya zama dutse. Yana bin dugadugan dattijon, ba ya ganin komai sai su. Sai ga gabas ta yi ja, rana ta ɓullo daga ƙarƙashinsu, ta haska wasu ganuwoyi na ƙanƙara masu tsayin bene, shuɗi-shuɗi, suna ƙyalli. Rajabu ya matsa gefe a karon farko, ya nuna masa allon da ke ƙololuwa, ya yi masa alama ya wuce gaba.

Isiyaku ya ƙarasa, ya dafa allon. Ya so ya yi ihu, numfashi bai isa ba. Sai ya yi sujada a kan tsakuwa mai sanyi, ya tashi yana dariya hawaye na daskarewa a kumatunsa, ya rungume Rajabu, ya rungume Alhaji Khalil, ya rungume wani Bature da bai taɓa gani ba. Ya cire jar hular Batha ya kafa wa dattijon a kan tasa, aka ɗauke su hoto.

Sai da suka sauko inda waya ke kamawa ya aika wa Hansai. Ba a jima ba ta kira.

"Baban Nazira! Can ne ƙarshen? Ba wani sama da shi?"

"Sai sararin Allah, Hansai."

Ya ji ta rangaɗa guɗa, yara na ihu a bayanta. Da ta lafa ta ce, "To wane ne wannan tsohon da ke rataye da jakarka? Kai da kake cika bakin ba a taɓa ɗaukar maka kaya ba?"

"Abokin aikina ne. Ya fi ni iyawa."

A ƙofar fita Tarimo ya kira sunayen waɗanda za su koma dutse da baƙi na gaba. Isiyaku bai tafi ba sai da ya ji an kira Rajabu.

Ya yi sauran hutunsa a Gumel, ya dawo Sulay. Yana nan a tallaja har yanzu, katan biyu a kafaɗa, kuma har yanzu ba a taɓa masa su. Hoton yana manne a jikin ƙofar ɗakinsu. Bashari ne ke nuna wa baƙi, yana cewa, "Wannan tsohon na hagun shi ya hau dutsen. Na daman rakiya ya yi." Isiyaku ba ya musu. Yakan ce dai a bari Juma'a ta zo, akwai jarkar ruwa guda da ya ware wa Bashari.